HANYAR BURJI DA KEKEN MANOMI

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani abu da kowannenmu yake takawa kullum, amma ba safai muke kawo zancensa a taron ƙungiya ba. Wato hanyar burji da ta tashi daga ƙauyenmu zuwa bakin kwalta.

Mu da muke noma a ƙasar Mangu, Bokkos, Barikin Ladi da Pankshin mun san yadda lissafin yake. Muna shuka dankalin Turawa a watan Afrilu ko Mayu, mu tone shi a Yuli da Agusta. To, waɗannan watanni biyu su ne ruwa ya fi yawa, su ne kuma hanya ta fi lalacewa. Motar mai saye takan tsaya a bakin kwalta, ta ƙi shiga. Dankali kuwa ba ya jira kamar masara ko acca. Wanda ya iya fitar da buhunsa zuwa kasuwar Mangu ko Maikatako, shi zai yi ciniki da bakinsa. Wanda ya kāsa, sai ya karɓi abin da ɗan baranda ya ga dama ya ba shi, ko ya zauna yana kallon wahalarsa tana ruɓewa a ɗaki.

A ranar 29 ga Mayu, 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka kusan sau uku. Kuɗin babur da na mota suka bi shi. Tun daga nan mutane da yawa suka sauko da tsofaffin kekunansu daga inda suka rataye su. Keke ba ya shan mai. Yana tafiya kamar sau uku na saurin mai ƙafa, yana kuma ɗaukar abin da ya fi ƙarfin wuyan mutum. Amma keke da hanya abokan juna ne. In hanya ta mutu, keke ya zama kaya, mai shi ne zai ɗauke shi.

ƘASARMU HAWA DA GANGARA CE

Tudun Jos ya ɗara mita 1,200 bisa teku, duwatsun Shere kuma sun haura mita 1,800. Ruwan da ke sauka mana a shekara ya fi mita ɗaya. Ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Ka hau tudu, ka gangara kwari, ka haye rafi, ka sāke hawa. Wannan ya sa ruwan sama ba ya zama wuri ɗaya, gudu yake yi. Masana sun nuna cewa in saurin ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da yake bugu da shi yakan ninka huɗu. Shi ya sa ɗan layin da ƙafar mota ta bari a gangara cikin Mayu yakan zama kwazazzabo kafin Satumba.

Ku lura da wannan: mota da shanu suna raunana hanya, amma ruwa ne yake kashe ta. Wanda ya san yadda zai sallami ruwa daga kan hanya, ya san kusan dukan aikin hanya.

ABUBUWA HUƊU DA KE SALLAMAR RUWA

1. Doron hanya. Hanya mai kyau tana da doro a tsakiya, kamar kunyar dankali mai faɗi, domin ruwa ya zube hagu da dama. In faɗin hanya mita 5 ne, tsakiyarta ya kamata ya ɗara gefe da kamar inci 5. Ga yadda za a auna. A samo katako madaidaici mai tsawon mita 2 da rabi, a buga masa ƙafa mai inci 5 a baki ɗaya. A ɗora bakin da ba shi da ƙafa a tsakiyar hanya, ƙafar kuma a gefe. A sa ma'aunin magina a bisa. In katakon ya kwanta daidai, doron ya yi. In tsakiyar hanya ta fi gefenta zurfi, to ba hanya gare mu ba, rafi ne da bai cika ba tukuna.

2. Lambatu na gefe. Ruwan da ya sauko daga doro yana bukatar wurin bi. A haƙa lambatu mai faɗi, marar zurfi sosai, a kowane gefe. Ƙasar da aka haƙo, in mai kyau ce, a zuba ta a tsakiya a ƙara doro. In laka ce da ciyawa, a jefa ta nesa ta gefen gangara, don kada ruwan farko ya komo da ita.

3. Ƙofofin fitar ruwa. Kada a bar lambatu ya ɗauki ruwa tun daga kan tudu har ƙasan kwari. Ruwan zai yi yawa, ya yi gudu, ya cinye lambatun da hanyar tare. A riƙa yanka masa ƙofa a karkace, kowane taki 20 zuwa 30 a gangara, yana fita kaɗan-kaɗan zuwa cikin ciyawa. A nan ne rigima takan tashi, gama ba mai son ruwan hanya ya shiga gonarsa. Saboda haka a zauna da masu gonakin kafin a sa diga. In ƙofofin suna da yawa, ruwan da zai faɗa wa kowa kaɗan ne, ciyawa ma za ta shanye shi. In mutum ɗaya ya toshe tasa, maƙwabcinsa na ƙasa ne zai sha ninki biyu.

4. Matakan dutse. Inda gangara ta yi tsanani kuma ba wurin fitar da ruwa, a jera duwatsu a gicciye cikin lambatu, kamar ƙaramin shinge, tsakiyarsa ya fi gefensa gajarta. Ruwa zai huta a bayan kowane shinge, ya ajiye yashinsa, ya sauka a hankali kamar mai bin matakala. A gangara mai tsanani a sa su kusa-kusa, kowane mita 5 zuwa 10. In ba duwatsu, turakun itace ma suna yi. A dasa jema ko gamba a bakin lambatu, saiwarsu tana riƙe ƙasa.

Sai kuma kwalbati. Ba mu da ƙarfin gina sabo kullum, amma muna da ƙarfin yashe wanda muke da shi. Kwalbati ɗaya da kara da leda suka toshe ya isa ya yanke ƙauye daga kasuwa cikin dare ɗaya.

YADDA AKE CIKE RAMI

Sau da yawa mukan ga an zuba ciyawa da ɓangorin ƙasa cikin rami, a ce an gyara. Bayan mako guda ramin ya komo, ya fi na dā. Ga hanyar da ta dace. A kwashe ruwa da taɓo duka. A sare bakin ramin da diga ya tsaya sak, kamar akwati. A zuba marmara mai ɗan laima, kauri kamar tafin hannu, a daɓe ta sosai yadda iyayenmu mata suke daɓen ɗaki. A ƙara wata, a sāke daɓewa. A bar wurin ya ɗan ɗara sauran hanyar, gama zai zauna.

Marmara mai kyau gauraye ce: tsakuwa, yashi, da ɗan jan yumɓu da zai riƙe su. A ɗebi mai laima a dunƙule a hannu. In ta wargaje nan take, yashi ya yi yawa, rani zai watsar da ita. In ta manne wa hannu kamar tuwo, yumɓu ya yi yawa, damina za ta mai da ita santsi. In ta dunƙule, ana jin tsakuwa a ciki, ita ce. Kada dutse ya wuce girman ƙwan zabuwa, manya sukan fito sama su fasa taya.

Gargada kuwa, wato ƙananan kunyoyin nan da ke girgiza haƙoran mai keke da rani, gudun motoci ne a kan busasshiyar tsakuwa yake haifar da ita. Lokacin gyaranta shi ne bayan ruwan farko, sa'ad da ƙasa ta yi taushi. A kankare kunyoyin da fartanya da manjagara, a ja ƙasar zuwa tsakiya, a daɓe. Wannan ba domin jin daɗin mai keke kaɗai ba ne. Dankalin da ya sha girgiza yakan kuje, wanda ya kuje kuwa shi ne yake fara ruɓewa, ya kama na kusa da shi. Haka tumatir, haka ƙwai.

WACE HANYA ZA MU BI?

Galibin ƙauyukanmu suna da hanya fiye da ɗaya zuwa kwalta: gajeriya da ta ratsa fadama, da doguwa da ta bi doron tudu. Da rani kowa yana bin gajeriya. Amma in ƙungiya za ta zuba guminta a kan hanya ɗaya, ta zaɓi wadda za ta yi aiki a Agusta. Hanyar doron tudu ruwa ba ya taruwa a kanta, ƙoramun da take hayewa kaɗan ne, gyaranta da sauƙi. Ƙarin kilomita biyu a busasshiyar ƙasa ya fi rabin kilomita cikin taɓo da buhu a baya.

A duba hawa kuma. In hanya tana tashi fiye da mita 1 cikin kowane mita 10, mai keke da kaya ba zai iya tuƙawa ba, sai turawa. Wani lokaci ɗan kewaye a jikin tudu yakan raba wannan wahala. A wajen Panyam da Kerang, inda tsofaffin duwatsu masu aman wuta suka bar ƙasa mai albarka, ƙasar da ta fi kyau ga shuka ita ce ta fi kama taya in ta jiƙe. Irin waɗannan wurare su ne za a fara kai wa marmara.

Muna ba da shawara, kafin a yanke magana, mutum uku su bi hanyoyin duka da ƙafa ana cikin ruwa ko da zarar ya ɗauke. Su ga inda ruwa ya tsaya, inda ya yi gudu, inda ya tsallake hanya. Su zana a takarda. A cikin ukun nan a sa mace ɗaya aƙalla, gama mata ne suka fi bin hanyoyin nan da kaya a ka, sun kuma san wuraren da mu maza muke wucewa ba mu lura ba.

KEKE DA KAYANSA

Baƙin keken nan na iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, mai taya inci 28, an yi shi ne domin irin hanyarmu. Ga abin da zai sa ya daɗe.

Iskar taya. Kada a cika ta ta zama kamar dutse, keken zai riƙa tsalle a kan tsakuwa, ya rasa kamu. Kada kuma ta yi laushi, dutse zai matse tib da bakin ƙarfe ya huda shi wuri biyu. Tayar baya, mai ɗaukar kaya, ta fi ta gaba tauri kaɗan.

Ɗaurin kaya. Wata ƙungiya mai suna World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, tana ƙera keken Buffalo musamman domin ƙauyukan Afirka, a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya. Kariyarsa an yi ta ne ta ɗauki kilo 100. To, in keken da aka gina domin kaya iyakarsa ke nan, tsohon keken da muka gāda bai kamata a ɗora masa babban buhu da mutum a kai ba. A raba kaya biyu, a rataya hagu da dama, ƙasa-ƙasa, nauyi daidai. Kayan da aka tula sama shi yake kayar da mutum a kwana. Sawu biyu lafiya sun fi sawu ɗaya da karaya.

Birki. Wannan shi ne maganar rai. Birkin roba a kan jiƙaƙƙen ƙarfe ba ya kamawa da wuri. Bayan an haye ruwa, a riƙa matsa shi a hankali ana tafiya har ya bushe. A rage gudu tun kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba. Kada a damƙe birkin gaba da ƙarfi a kan tsakuwa, tayar za ta zame. In gangara ta yi tsanani kuma da kaya, a sauka a riƙe keken. Ba abin kunya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Sarƙa da boris. Jar ƙura in ta haɗu da mai takan zama kamar dutsen wāshi, ta cinye sarƙa. A goge da tsumma tukuna, a ɗiga mai kaɗan, a sāke gogewa. A sa giris a boris kafin damina da bayanta. Wayar ƙafar keke in ta tsinke guda, a sauya ta a makon nan, in ba haka ba 'yan'uwanta za su bi ta.

Guzuri. Famfo, faci, sholisho da sifana su zauna a jikin keke kullum.

Rafi. Ƙoramunmu sukan cika farat ɗaya da ruwan da aka yi a wani tudu da ba mu gani ba. In ruwa ya yi ja yana gudu, a jira. Yadda ya zo da sauri, haka yakan janye. Kuma a wannan lokaci da zaman lafiya ya yi rauni a wasu yankunanmu, a fita da rana, a tafi bibbiyu ko fiye, a gaya wa na gida hanyar da za a bi.

ABIN DA MUKE RENAWA, WASU SUNA NEMA

Wataƙila za ku yi mamaki ku ji cewa a ƙasashen da kwalta ta wadata, mutane suna biyan kuɗi su hau keke a hanyar tsakuwa. A yankin Tuskani na Italiya, ƙasar tudu da gangara mai gonakin inabi da zaitun, wani mutum mai suna Giancarlo Brocci ya ga ana ta malala kwalta a kan tsofaffin fararen hanyoyinsu. A 1997 ya shirya hawan keke da ake kira L'Eroica a garin Gaiole, mutum 92 suka fito. Daga baya dubbai suka riƙa zuwa, aka sa alamu a hanya mai tsawon fiye da kilomita 200 da baƙi ke bi kowane lokaci, suna kwana suna ci a ƙauyukan da ke bakinta. A Amurka ma, a jihar Kansas, mutum 34 suka fara tseren mil 200 a hanyoyin makiyaya a 2006, ya girma har garin Emporia yakan cika da baƙi saboda shi.

Ba muna cewa gobe baƙi za su cika ƙauyenmu ba. Su wasa suke yi, mu abinci muke nema. Amma akwai abu biyu da za mu ɗauka. Na ɗaya, bayan dogon gwaji masu wannan wasa sun koma ga taya mai faɗi, kusan faɗin ta baƙin kekenmu, da iska madaidaiciya. Ashe abin da ke hannunmu ba na yarwa ba ne. Na biyu, hanyoyin da suke yabo, hanyoyi ne da ake kula da doronsu da lambatunsu kowace shekara. Burji mai mai kula ya fi kwalta marar mai kula.

WA ZAI YI AIKIN?

A 1986 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar DFRRI, aka buɗe hanyoyin karkara da yawa da manyan injuna. Dattawanmu sun tuna. Inda aka sami masu yashe lambatu, hanyoyin sun jure. Inda kowa ya ce hanyar gwamnati ce, damina kaɗan suka cinye su. Hakkinmu ne mu roƙi ƙaramar hukuma gada da kwalbati da tifar marmara, mu kuma rubuta mu bi sawu. Amma ba shugaban da zai zo ya cire kara daga bakin kwalbatinmu ranar da hadari ya haɗo.

Ƙasar Kenya ta fara wani shiri a 1974 na gina hanyoyin ƙauye da hannu, da diga da shebur da baro. Domin kula da su, sai aka riƙa ba mutum ɗaya da ke zaune a bakin hanya kamar kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu. Yana aiki wasu kwanaki cikin mako, sauran yana gonarsa. In yankinsa ya lalace, an san wanda za a tambaya. Mu masu karatun Littafi Mai Tsarki wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gare mu. A sura ta 3 ta littafin Nehemiya an raba garun Urushalima kashi-kashi, har waɗansu suka gyara sashen da ke daura da gidajensu, aka kuwa gama aikin cikin kwana 52.

Ga misali. A ce ƙungiya tana da mutum 30, hanyarta kilomita 6. In an haɗa su bibbiyu, kowane biyu suna da mita 400. A kafa dutse mai lamba a kowace iyaka. Aikinsu shi ne su zaga bayan kowane babban ruwa, su buɗe ƙofofi, su cike ƙaramin rami tun bai girma ba. Manyan ayyuka kuwa a yi su da gayya sau uku a shekara:

Maris: yashe lambatu da kwalbati, tara marmara a bakin hanya.
Ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, bayan ruwan farko: ɗaga doro, kankare gargada, daɓe.
Oktoba ko Nuwamba: gyara ɓarnar damina tun ƙasa ba ta bushe ƙarau ba, sare ciyawar da ta rufe kwana.

Ƙungiya ta sayi baro, diga da shebur nata, a rubuta su a littafi, a ajiye a wurin ma'aji. Ana iya cire ɗan abu kaɗan daga kowane buhu da ya fita, bisa ga yardar taro, domin asusun hanya.

Abu na ƙarshe. Hanya ba ta tambayar mutum addininsa ko yarensa. Wadda ta kai dankalinmu kasuwa, ita ce ke kai mai naƙuda asibiti, ta kai yara makaranta, ta kai mai bishara ƙauyen gaba, ta kawo mai nono da mai sayen kaji. Saboda haka ranar gayya a sanar da mai unguwa, a gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, a yi magana da ardo a kan inda shanu za su riƙa tsallakawa, a jera duwatsu a wurin don kada kofato ya rushe lambatu. Mutanen da suka daɓe hanya ɗaya tare, gaisuwarsu takan canza.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Kwana nawa hanyarmu ta yanke a daminar bara, buhu nawa muka yi hasara ko muka sayar da araha saboda haka?
2. Waɗanne wurare uku ne suka fi muni, daga ina ruwan da ke ɓata su yake fitowa?
3. Gonakin su wa ƙofofin ruwa za su shafa, wa zai je ya yi magana da su?
4. Wace rana muka sa domin gayyar farko?

Ku rubuto mana abin da kuka shirya, domin sauran ƙungiyoyi su koya daga gare ku. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku, ya kiyaye fitarku da komowarku. Amin.